Azumin da Ya Ƙara wa Bhanudas Tumbi

Duk wanda ya taɓa kai niƙa layin da ke bayan tashar motar Saswad ya san Bhanudas Mhaske, ko da bai san sunansa ba. Shi ne farin mutumin nan da ke leƙowa ta tagar inji yana cewa a jera gwangwanaye a layi. Ba fari aka haife shi ba, baƙi ne wuluk kamar sauran danginmu. Gari ne ya yi shekara talatin da biyar yana sauka a kansa, har ta kai in ka kaɗa girarsa kaɗai za ka samu na gurasar capati biyu, in ka haɗa da gashin kunne kuwa sai ka gayyaci baƙo. Ɗan kawunmu ne, don haka duk abin da za a ji nan daga cikin gida ya fito. In ya ji haushi ya san ƙofarmu.

A sana'arsa dai ba a ja da shi. Zai tura hannu cikin buhu ido a rufe, ya gaya maka dawar wane ƙauye ce, sau nawa aka yi mata ruwa, da ko manomin sun yi faɗa da matarsa ranar girbi. Amma dawar nan da yake niƙa wa rabin gari, shi ba ya kai ta bakinsa. A ƙauyenmu can bayan Jejuri aka haife shi, a shekarun da hadari ke leƙowa ya ga halin da muke ciki ya juya. Bhakari, gurasar nan ta dawa, ita ce da safe, ita ce da rana, ita ce da yamma, da albasa guda da ake fasawa da dunƙulen hannu. Yawanci ma ta jiya ce, ta bushe ƙamas. An ce kawu ya taɓa jifan kare da guda ɗaya, har karen ya mutu yana ɗingishi.

Ranar da aka kafa masa inji, Bhanudas ya tsaya gaban amaryarsa Shewanta ya rantse da Witthal, abin bautarmu, cewa dawa in ta shigo ta ƙofar shago, ta ƙofar shago za ta fita. Daga ranar sai capatin alkama shida a zama ɗaya, kowanne ya sha man shanu, a bi shi da farar shinkafa tuli guda, wadda in ya zauna bayanta sai dai ka ji muryarsa. Shayi sau shida a wuni, kowane kofi cokali uku na sukari. Tumbi ya amsa kira. A 'yan shekarun nan in zai shigo ɗaki, tumbin ne ke fara shigowa ya gaisa da jama'a, ya samu wurin zama, sannan mai shi ya iso.

Abu na biyu da aka san shi da shi, tuta ce. Kowace shekara da faɗuwar damina, in ayarin masu ziyara ya ratso Saswad zai tafi Pandharpur wurin Witthal, mutanen layinsu su wajen sittin sukan bi, tafiyar mako biyu a ƙasa. A gabansu akwai tuta ruwan goro a kan doguwar gora. Kawu ya riƙe ta shekara arba'in. Da ya zo barin duniya bai bar wa Bhanudas gona ba, bai bar masa sa ba, gorar nan kawai ya nuna masa da haɓa. Shekara ashirin da shida ke nan Bhanudas bai taɓa fashi ba, kuma ko takalmi ba ya sawa. A hanya mutumin nan canzawa yake yi, tumbin ma sai ya yi ladabi. A bayansa kuma, duk shekarun nan, akwai maƙwabcinsa Popat Jagtap mai faci, baki na waƙar yabo, ido na kan gorar, yana jiran ranar da mai ita zai yi tuntuɓe.

Bana, saura wata uku a tashi, wani ƙarfe ya ɓalle daga bel ɗin inji ya soki Bhanudas a babban yatsan ƙafar dama. Bai ma ji ba. Shewanta ce ta kawo masa shayi ta ga jan sawu a kan farin garin da ke ƙasa. Aka danna kurkum aka ɗaure. Mako biyu ciwo yana nan a buɗe, suna kallonsa yana kallonsu. Sai ta ja shi wurin Dakta Tamboli, yarinyar da ya sani tun tana rako kakarta niƙa da majina a hanci.

Dakta ta tsira masa allura a yatsan hannu, ta ɗiga jinin a 'yar na'ura, ta dubi lambar, ta dubi tumbin.

"Baba, ɗari biyu da casa'in. Ciwon suga ne, kuma ya daɗe da tarewa a gidanka."

"Ni? Dakta-bai, ni fa kayan zaƙi sai ranar biki."

"Aho," in ji Shewanta, don ko a mafarki ba ta kama sunansa, "shayin nan naka da cokali ke tsayawa a ciki fa?"

"Aga, matar nan, da ke aka yi?"

Dakta ta ce shayin ma ƙaramin ɓarawo ne. Manyan su ne farar shinkafa da capatin alkama, don da sun sauka ciki sukari suke komawa. Ya rage su sosai. Ya koma bhakari ta dawa ko ta gero, guda ɗaya, rabin faranti kuma ganye da wake da nono. Ta rubuta masa ƙwayoyi. Sannan ta nuna ƙafar da bakin biro.

"Muddin jininka na da zaƙi, wannan ba zai rufe ba. In ka taka shi a buɗe zuwa Pandharpur, a mota za a dawo min da kai, ni kuma in cire yatsan. Wataƙila da maƙwabtansa. Ka dawo bayan wata guda."

Bhanudas ya ji shinkafa, ya ji alkama. Da aka zo kan dawa kunnuwansa suka rufe da kansu. Suna cikin keke mai ƙafa uku a hanyar gida sai ya daki cinyarsa, har direba ya taka birki.

"Aga! Me yarinyar nan ta hana?"

"Shinkafa da alkama."

"Me azumi ya hana?"

"Shinkafa da alkama. Da dawa. Da wake."

"To kin gani! Shekara bakwai ubanta yana tura ta karatu Pune don ta gano abin da kakarmu ta sani ba ta iya rubuta sunanta ba. Azumi ne magani. Dawar kuwa, ba ni na ƙi ba, ibada ce ta hana."

Azuminmu dai kowa ya san shi, hatsi da wake ake bari, ba a ce baki ya huta ba. Da ma Bhanudas yana yin na ranar sha ɗaya ga wata, sau biyu kowane wata, ɗaya a hasken wata ɗaya a duhunsa, kamar duk mai zuwa Pandharpur. Sai ya bi sauran abubuwan bautarmu, ya ƙara Litinin don Shankar, Alhamis don Datta, Asabar don Maruti. Da ya zauna ya yi tunani sai ya ga sauran za su ce an nuna musu bambanci. Ya ba Ganpati Talata, ya ba Dewi Juma'a. Laraba da ma ta Witthal ce, kunya ma ta kama shi da bai fara da ita ba. Lahadi ta rage, Khandoba kuwa ga shi nan a Jejuri, maƙwabci, ba ya yiwuwa a tsallake shi. Kafin mako ya zagayo ɗan kawunmu ya ƙarar da ranakun duniya, yana tambaya ko akwai ta takwas.

Ga yadda bawan nan yake shan wahala. Da safe sabudana, farin tsakin nan mai kama da ƙwan kifi, a jiƙa shi a soya da man shanu da dakakkiyar gyaɗa da dankalin Turawa, a barbaɗa ɗan sukari don ɗanɗano, a tula masa a faranti har sai ya leƙa ta gefe. Da hantsi ayaba huɗu, don kada jiri ya ɗebe shi a kan inji. Da rana ƙosan sabudana takwas, da soyayyen dankali. Da la'asar dankali mai zaƙi da aka dafa cikin madara da mazarƙwaila. Shayi kuma, tunda Dakta ta hana sukari, ya bi doka sau da ƙafa, ya koma mazarƙwaila, don ita ba fara ba ce. Da yamma a maimaita na safe, kada ya kwana da yunwa a kan ciwo.

Labari ya zaga layi cewa mai injin niƙa ya bar hatsi kwata-kwata har sai ya ga Pandharpur. Matan layi suka tuna cewa ciyar da mai azumi akwai lada. Kwanuka suka fara zuwa. Wannan ta soya nata da gyaɗa, waccan ta yi nata da madara, kowacce ta tsaya a kansa sai ta ga ya cinye, don kada ladan ya zo mata rabi. Shi kuma wane ne da zai hana baiwar Ubangiji ladanta? Sai ya rufe ido ya daure. Mutane suka fara taɓa ƙafarsa don neman albarka, ta hagu, tunda ta dama tana cikin tsumma. Wani ya taso tun daga Jejuri da akuyarsa da ta ƙi haihuwa. Fuskar Bhanudas ta riƙa sheƙi, mata suna cewa hasken ibada ne, mu dai da muka matsa kusa ƙamshin man shanu muka ji. Popat yana zaune a bakin rumfarsa yana buga taya da guduma kamar ita ta yi masa laifi.

Abu ɗaya ne ya ɗan dami waliyyin. Ƙishirwa ba ta barinsa, kuma kafin inji ya gama gwangwani ɗaya ya zaga bayan gida sau biyu. Tururuwar garin kaf ta tattara 'ya'yanta ta bar shagon mai alewa ta tare a bayan katangarsa. Mai alewa da kansa ya zo godiya.

Da wata ya cika ya sa farar hularsa ya tafi karɓar yabo. Dakta ta ɗiga jini. Na'urar ta yi shiru, ta yi tunani, sannan ta nuna ɗari huɗu da talatin. Dakta ta sake gwadawa da wata. Ita ma haka ta ce.

"Baba, shinkafa nawa kake ci?"

"Ko ƙwaya. Wata guda cur ina azumi, tambayi kowa."

"Azumi." Ta ajiye biro. "Jiya me ka ci?"

Ya fara lissafi. Yana kan hantsi ta dafe kai. Yana kan la'asar ta tashi ta buɗe taga. Da ya kawo kan kwanukan matan layi sai ta ɗaga masa hannu.

"Kai ne ka san kowane hatsi a ƙasar nan. Gaya min, da me ake yin sabudana?"

Bhanudas ya buɗe baki. Shekara talatin da biyar, ba wanda ya taɓa kawo masa sabudana niƙa. A leda yake zuwa daga kanti, fari tas, ya shige tukunya.

"'Ya'yan itace ne," in ji shi. "A kudu bishiyar take. Ana kaɗa ta ne."

"Rogo ne, Baba. A matse shi, a zubar da duk abin da ke da amfani, a tara tsabar sitacin a mulmula. Shinkafar da na hana ka ma ta fi shi tausayi."

"Af!" Shewanta ta tafa hannu. "Shi ya sa! Ai shi nake tafasawa in tsoma hularka da farin zanenka su tsaya ƙyam."

"To Mawshi," in ji Dakta, wato inna take nufi, "wata guda ke nan kina sa wa mijinki sitaci ta ciki."

Ta kwance tsumman. Nan dariya ta ƙare. Ciwon da ya zo kamar ƙwayar wake ya koma faɗin kwabo, gefensa ya fara duhu. Ta wanke, ta kankare, Bhanudas bai ji zafi ba, kuma rashin jin zafin ne ya fi ba shi tsoro. Ta ce ba ta zo raba shi da Witthal ba. Sha ɗaya ga wata ya yi abinsa, da gyaɗa da kindirmo da kokwamba. Sauran ranaku bhakari ɗaya, ganye, wake mai tsiro, shinkafa in ya matsu cikin ƙaramin kofin shayi, ita ma sai bayan ganyen ya riga ta sauka. Ta ƙara masa da allurar da zai riƙa yi kullum. Saura mako bakwai.

"In ka sake kawo min lambar nan, takalmi ɗaya ya ishe ka dawowa gida."

Ran nan bai kunna inji ba. Ya zauna a ƙasa yana kallon gorar da ke jingine bayan ƙofa, wurin da tafin kawu ya cinye ta har ta yi santsi. Can ya yi gyaran murya.

"Aga, kin iya yin bhakari har yanzu?"

"Ina kake zaton nake zuwa duk ranar Lahadi in ce maka gidan ƙanwata? Hira?"

Sai dai akwai matsala. Capati murza shi ake yi da muciya, shiru, ba wanda ya san me kake ciki. Bhakari kuwa da tafin hannu ake buga ta a faranti, daf, daf, daf, kuma a layin nan ko jariri ya ji ƙarar ya san gidan da ake cin dawa. Ga mutum ya shelanta wa duniya ya bar hatsi. Ga mata sun zuba ladansu a cikinsa. Ga rantsuwar shekara talatin da biyar, wadda ya maimaita a kowane biki har yara sun haddace.

Ɗan kawunmu ba ya rasa dabara, ita ce ma ke kai shi ƙasa. Gidan da shagon bango ɗaya ya raba su. Lokacin abinci sai ya kunna inji ba komai a ciki, duwatsu su yi ta gurnani a banza, Shewanta ta toshe kunne da auduga ta hau bugu. Kwanukan lada kuwa sai ya karɓa da hannu biyu, ya ce yanzu ibadarsa ta kai matakin da ba ya ci a gaban mutane. Ta ƙofar baya ake juye wa wani bijimi mara ubangida da ke kwana a lungun. Cikin kwana goma bijimin ya kasa tashi, sai dai ya bi mutane da ido.

Ba zai taɓa amsawa ba, amma Shewanta ta ba mu labari. Ranar farko ya ɗauki bhakarin da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Da zafinta, ta kumbura, ga ganyen hulba da tafarnuwa, ga yalo da aka cusa wa gyaɗa. Ya gutsura, ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Ba irin ta ƙauye ba ce," in ji shi.

"Irin ta ce. Waccan dai ta kwana ne, kuma babu komai a gefenta."

Ya cinye tas. Ya miƙa hannu zai ɗauki ta biyu ta buge hannun.

Ranar wata Alhamis, kwana na sha ɗaya da fara dabarar, asiri ya tonu. Tsakar rana, inji na ruri, Bhanudas na zaune a tsakar gida da rabin bhakari a hannu da albasa a gabansa, Shewanta na buga tata. A ƙofar shago kuma ga tsohuwa Indubai da mata biyar da kwanukansu, ga Popat ya zo aron sifana. Sai aka ɗauke wuta.

Inji ya yi tari ya mutu. Layi ya yi tsit. Daga cikin gidan waliyyi kuwa sai daf, daf, daf, har da 'yar waƙa, don Shewanta da audugarta ba ta san duniya ta tsaya ba. Ƙamshin dawa a kan kasko ya fito ya gaida kowa.

Popat ya ɗaga labule da sifanar da ba a ba shi ba tukuna.

"Mauli," in ji shi, da sunan da masu ziyara ke kiran juna, amma ya ja shi kamar roba, "yau wanne daga cikinsu ake yi wa azumi da dawa da albasa? Faɗa min in shiga, ni ma na daɗe ina neman irinsa. Wahini, matar yayana, sannu da ibada!"

Bhanudas yana da ƙarya biyu a shirye. Zai iya cewa na bijimi ne. Zai iya cewa baƙi ake jira. Ya dubi matan, ya dubi loman da ke hannunsa, ya ga kowace ƙarya ƙarshenta kwanon Indubai ne, a cinye a gabanta. Sai ya ajiye bhakarin, ya miƙe ƙafa, ya kwance bandeji a hankali ya juya musu yatsan.

"Ga wanda nake yi wa," ya ce. "Sabudanarku ta kusa cinye shi. Ba laifinku ba ne, ni na buɗe baki."

Matan suka leƙo. Indubai ta matso ta duƙa, ta daɗe tana kallo.

"Haka na mai gidana ya fara," ta ce. "Da aka yanke ƙafar ma, abin da na riƙa kai masa asibiti ke nan. An ce abinci ne mara nauyi."

Ta rufe kwanonta da gefen zane. Sai wata ta kwance bakin zanenta ta nuna ƙwayoyin suga, irin nasa sak. Wata ta ce nata na gida. Cikin mata shida, huɗu na da ciwon. Kowacce tana ɓoyewa don kada a ce gidansu akwai ciwo a rasa mai auren 'ya'yansu, kowacce kuma tana azumi biyu a mako da tulin sabudana. Kafin yamma waliccin Bhanudas ya ƙare. Masu taɓa ƙafa suka ɗauke. Mai akuya ya aiko a gaya masa da ma bai yarda da shi ba. Popat kuwa bai tsaya karɓar sifana ba, kai tsaye ya wuce gidan shugaban ayarinsu don ya yi masa jaje a kan halin da tuta ke ciki.

Da kunya ta riga ta fita, sai mutumin ya zama wata masifar. Duk wadda ta kawo alkama niƙa sai ta sha wa'azi, ya ce ta ƙara dawa da wake a ciki ko ta kai wani injin. Wanda ya yi shekara talatin da biyar yana zagin bhakari, yanzu in ka ji shi sai ka rantse shi ya ƙirƙiro ta. Kofin shayin da ake auna masa shinkafa kuwa, sau biyu Shewanta na kama shi yana danna ta da babban yatsa don ta ƙara shiga. Tumbin ya fara ja da baya. Ba wai ya tafi ba, amma yanzu tare suke shiga ɗaki.

Saura kwana uku ayari ya iso suka koma wurin Dakta. Ɗari da hamsin. Ciwon ya rufe, sabuwar fata ta fito ja-ja, siririya kamar bayan albasa. Bhanudas ya gyara hula.

"To, Dakta-bai, sai mun dawo. Me za a kawo miki?"

"Ba ka tafiya a ƙasa."

"Kin ce in ya rufe!"

"Ya rufe jiya-jiya. Mako biyu cikin taɓo da tsakuwa, kafin ku kai Lonand ya buɗe, kai kuma ba za ka ji ba. Ka hau motar kayan girki. In kun kai Wakhari, zangon ƙarshe, Mawshi ta duba. In a bushe yake, ka sa safa da takalmi ka taka abin da ya rage. Kilomita biyar ne ko shida."

"Takalmi? Ubana shekara arba'in..."

"Ubanka bhakari ya ci, Baba."

Ya roƙe ta da girman kakarta. Ya ce zai ninka allura. Ya ce zai yi tafiyar da dunduniya. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya zaɓa, bana a mota da yatsa goma, ko bana a ƙasa baɗi a gida.

Da safen tashi, layi ya cika, ganguna na tashi, Bhanudas ya fito da gorar da kansa. Ya tsaya gaban Popat. Ya daɗe bai saki ba, har sai da Popat ya ɗan ja.

"Aro ne," ya ce. "Zuwa Wakhari. Kada ka bari ta taɓa ƙasa. In iska ta taso ka karkata ta hagu."

"Mauli, shekara ashirin da shida ina kallonka. Hau motarka."

Aka cusa shi bayan babbar mota tsakanin tukwane da buhunan albasa da tsofaffi mata uku da gwiwa ta hana tafiya. Ba su bar shi ya zauna a banza ba, wuƙa suka miƙa masa. Motar takan riga ayari isa zango, don haka kullum yana zaune yana yankan albasa zai hango tutar ubansa tana tahowa a kafaɗar wani. Hawayen da aka gani ya ce na albasa ne. Mutanen ƙauyukan hanya masu neman lada suna ta jefo ayaba da biskit da alewa cikin motar, shi kuma yana tarewa yana miƙa wa tsofaffin, ban da ɗayar da ya gano ita ma tana da ƙwayoyi a bakin zane.

Abin da Popat bai hango ba a shekara ashirin da shida shi ne nauyin gorar. Daga baya tuta kamar gashin tsuntsu take. A kafaɗa, in ta sha ruwan sama iska ta shige ta, sai ka ce kana jan jirgin ruwa. Kwana huɗu kafaɗarsa ta saɓule. A Phaltan ya daina waƙa. A Malshiras ya daina amsa gaisuwa. Amma a faɗi gaskiya, bai bari ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya.

A Wakhari da sassafe Shewanta ta zaunar da mijinta a kan buhu, ta juya ƙafar ta ko'ina, ta danna, ta shinshina. A bushe. Ta sa masa safa, ta ɗaura masa farin takalmin yadi, sabo fil, irin na 'yan makaranta. Tsofaffin nan uku suka ce saura jakar littattafai.

Popat ya iso yana tafiya a karkace. Bai yi gaisuwa ba.

"Karɓi kayan ubanka," ya ce. "Akwai wuri a motar?"

"Akwai. Da wuƙa."

Bhanudas ya ɗora gorar a kafaɗa. Takalmin na ƙara ƙii-ƙii a kowane taku, mutane sittin na bayansa, dubbai na gaba, yayyafi na sauka. Bai yi sauri ba, don Shewanta na gefensa tana kallon ƙafar ba hanya ba. Da ƙololuwar ɗakin Witthal ta bayyana jama'a suka ɗauki kirari, wasu suka zube a ƙasa, wasu suka ruga da gudu. Shi ya tsaya cak, ya ɗaga tutar sama iyakar hannunsa.

"Aho, zauna."

"Aga, a nan? Gaban Witthal?"

"Ya jira ka mako biyu, zai ƙara minti biyar. Cire."

Ya zauna a kan dutsen gefen hanya, gorar a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, mutane na ratsa su ta ko'ina. Ta zare takalmin, ta zare safar, ta ɗaga ta sama ta duba. Babu ɗigon komai. Bhanudas ya leƙa ta saman abin da ya rage na tumbinsa, ya ƙirga yatsun da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har biyar.

"Ɗaya ƙafar fa?" in ji shi.

"Ita ba wanda ya yi mata barazana. Sa takalminka, layin shiga ya kai bakin kogi."